Nanoselulos da Zafin Gombe

Ka tambaye ni, ɗana, ko maganin da aka ɗora wa nanoselulos zai daɗe a kantinmu bai lalace ba. Ja kujera ka zauna.

Selulos ba baƙonmu ba ne. Shi ne jikin audugar da ake nomawa a ƙasar Gombe, kuma garinsa na cikin yawancin ƙwayoyin da kake miƙa wa mutane kullum, shi ke riƙe ƙwaya kada ta rugurguje. Sabon abin shi ne a jiƙa shi da asid ɗin salfa har ya koma 'yan siraran allurai, kaurinsu nanomita kaɗan, ido ba ya ganinsu, su ake kira nanoselulos. Magani ya manne musu, su riƙa sakinsa a jiki sannu a hankali. Yawancin wannan aiki yana ɗakunan bincike tukuna, amma zai iso mu, gara ka san halinsa tun yanzu.

Abin da ke damuna ruwa ne. Selulos na shan danshi daga iska, kuma iya ƙanƙantarsa iya yawan wurin da ruwa zai samu ya zauna. Ka taɓa buɗe tsohuwar robar asfirin ka ji warin tsami ya bugi hancinka? Danshi ne ya raba maganin gida biyu, ɓangare ɗaya ya zama tsamin da ka shaƙa. Ƙwayar tana nan fara tas, amma ƙarfinta ya ragu, mai ciwo kuwa bai sani ba. Wannan ne ke tsaya mini a rai. Ga kuma ragowar asid ɗin nan: in ba a wanke shi sosai ba, da zafi ya taso sai ya hanzarta lalacewar.

Shi ya sa ake gwada magani wata 6 a zafin digiri 40 da danshi kashi 75 cikin ɗari, ban da dogon gwaji a digiri 30. Mu kuwa a Afrilu zafi kan kai digiri 40 ɗin nan, Agusta ta zo da laima.

Saboda haka in irinsa ya zo hannunka, fara da duba lambar NAFDAC, sannan mazubinsa. Katin da aka rufe da alminiyam gaba da baya ya fi tsaro. Ɗan ƙunshin nan mai shan danshi da ke cikin roba, kada ka yar da shi. Kwalayen kuma a sauke su daga kantar sama da ke kusa da rufin kwano, yau ɗin nan kafin la'asar.