Tambaya da Amsa: Shin monarda za ta yi a garkar Maradi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwana ya aiko mini da irin wani fure daga Amurka, Turawa na ce masa bee balm. Ina da garka da amya uku a wajen Jiratawa. In shuka shi don ƙudan zumana? Daga mai karatu a Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunansa na kimiyya monarda, asalinsa Arewacin Amurka, kuma dangin na'ana'a ne da ɗoɗɗoya. Murza karansa za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ganyen biyu-biyu suna fuskantar juna, da ƙamshi mai ƙarfi. Tsayinsa kan kai santimita 60 zuwa 120.

Fara da duba sunan da ke jikin takardar. Idan Monarda didyma ce mai jan fure, kada ka sa rai da yawa. Ƙasa mai laima da sanyi take so, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 zai ƙone ta. Ga shi furenta dogon bututu ne, ƙudan zuma na shan wahala kafin su kai ga ruwan zaƙin. Monarda citriodora mai ƙamshin lemo, 'yar Texas da Meziko, ta fi jure zafi da ƙishi, kuma ƙudan zuma na son ta.

Shuka a Nuwamba, da shigowar hunturu. Barbaɗa irin a saman ƙasar da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, ka danna da tafin hannu, kada ka binne, don sai da haske yake tsirowa, cikin mako biyu zuwa uku. Ka bar santimita 45 tsakanin tushe da tushe.

Babbar cutarsa wani farin abu ne da ke rufe ganye kamar an barbaɗa gari. Cunkoso da rashin iska ke kawo shi, ya fi tsanani idan saiwa ta bushe. Zuba ruwa a gindi da sassafe, ka tsinke ganyen da ya kamu ka ƙone.

Amma fa fangali ɗaya ba zai cika amya uku ba. Gawo da magarya da zogale su ne abincin ƙudan zumanka na gaske. Monarda ƙari ce, ana kuma dafa ganyenta a sha kamar shayi.