Bindigarka ce ke zaɓar harsashinta: amsa ga masu gadin gona

Wani manomin masara daga Shika ya aiko da tambaya: "Malam, ina da bindiga mai baki biyu da na gada wurin mahaifina, na kuma yi mata lasisi da sunana. Zabin daji da makwarwa na tone mini irin da na shuka. In na harba daga kamar taku sittin, sai gashi ya tashi, tsuntsu ya tafi abinsa. Na sayi harsashi mai tsada, ba ta canza zani ba. Bindigar ce ta tsufa?"

Alhaji, kafin ka ɗora wa bindigar Baba laifi, ka bari ta yi maka bayani a takarda. Samo takardun buhun siminti, ka haɗa su su kai mita ɗaya da rabi kowane gefe, ka kafe a gaban suri ko gangaren rafi, inda babu hanyar mutane ko dabbobi a baya. Auna mita 36 da igiya, kada ka dogara da taku. Harba sau ɗaya. Inda hujojin suka fi taruwa, ka ɗaura fensir a zare mai tsawon santimita 38, ka zana da'ira, ka ƙirga hujojin da ke ciki. Sai ka gwada da yawan 'ya'yan dalmar da ke cikin irin wannan harsashin.

Bindigar da bakinta ke da cikakken matsi, wato tsukewar ƙarshen bututun da ke tattara 'ya'yan dalma, takan zuba kusan kashi 70 cikin 100 a da'irar. Mai rabin matsi, kusan 60. Wadda ba ta da matsi, 40. A yawancin masu baki biyu na jere, bakin dama ya fi buɗewa, na hagu ya fi matsewa, don haka kowanne da takardarsa.

Amma ni ba lissafin ne ya fi damuna ba. Dubi yadda hujojin suka bazu. In akwai fili a tsakiya da tafin hannunka zai rufe ba tare da ya taɓa huji ko ɗaya ba, to ta nan makwarwarka ke ficewa. Bindigogi biyu 'yan kamfani ɗaya sukan ba da zane daban da harsashi iri ɗaya, shi ya sa shawarar mai shago ba ta kai takarda ba. Gwada iri uku, kowanne harbi uku zuwa biyar, domin harbi ɗaya yakan yi ƙarya.

Ina kuma zargin manyan 'ya'ya kake sawa. Mutanenmu na son BB, wai ya fi ƙarfi. Girman ƙwaya na rage yawanta, ga shi manyan ƙwayoyi sukan matse juna a bakin da ya tsuke, su lanƙwashe, su bauɗe. Makwarwa da hasbiya lamba 6 ta ishe su (lambar girman ƙwaya ce, in ta ƙaru ƙwayar ta ƙanƙance). Zabo, lamba 4 ko 5. Sannan taku sittin ya yi nisa. Matso.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Duba rubutun da ke jikin bututun: in an sa 70, wato tsawon harsashin da take ɗauka a milimita, kada ka kuskura ka cusa harsashi mai 76, zai shiga, amma yana iya fasa ƙarfen a hannunka. Tsohuwar bindiga mai cikakken matsi kuma ba a ba ta 'ya'yan ƙarfe, sai na dalma.

Wani mai shinkafa a fadamar Galma ya tambaya lambar da ta dace da jan-baki. Babu, ɗan'uwa. Tsuntsun da ke sauka dubu-dubu, kuɗin harsashi zai cinye ribarka kafin su san kana yi. Ku daidaita lokacin shuka da maƙwabta, ku sa raga da gadin safe da yamma, in kun gano inda suke kwana ku sanar da malamin gona.

Wani kuma daga Giwa ya ce harsasansa sun kwana a ɗakin da ya yi yoyo a watan Agusta, ko ya shanya su a rana? Wanda gindinsa ya yi tsatsa ko jikinsa ya kumbura, ka fitar da shi daga lissafi. In ka ja kunama ka ji shiru, bar bakin bindigar yana kallon inda ba kowa, ka jira daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. In kuwa ƙarar ta fito a raunane, leƙa bututun ta baya ka tabbatar babu abin da ya maƙale kafin ka sa wani.