Amsa ga Maman Abba kan ledar rufe ciwo

Wa alaikumus salam Maman Abba, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Na ga tambayarki tun jiya, cewa ya faɗi a keke ya ƙuje gwiwa, mai kyamis ya manna masa wannan filastar mai kama da leda, yanzu kina hango ruwa ya taru a ƙasa, kina so ki ɓare ciwon ya sha iska. Dan Allah dakata tukuna.

Ni nas ce, na daɗe ina aiki da ita a nan Jos, ana kiranta Tegaderm ko Opsite, duk aikinsu ɗaya. Ledar nan iska tana ratsa ta, tururin jiki yana fita, amma ruwa da ƙwayoyin cuta ba sa shiga, shi ya sa yaro zai yi wankansa da ita. Ruwan da kika gani kuwa, in dai ɗan fatsi-fatsi ne, ba wari, ba kumburi, to ba mugunya ba ce, danshin da ciwon ke buƙata ne. Mu dai mun taso an ce a zuba jibi ko aidin a bar ciwo ya bushe ya yi ɓawo, amma tun 1962 wani bature George Winter ya gwada a fatar aladu ya ga ciwo mai danshi ya fi saurin yin sabuwar fata. Kuma ba ta manne wa naman kamar auduga, wadda ranar cirewa sai an danne yaro yana ihu unguwa na ji.

Inda mutane ke kuskure shi ne ledar ba ta tsotse ruwa ko kaɗan. In ruwan ya yi yawa har yana tsiyaya ta gefe, ko fatar kewaye ta yi fari ta jiƙe kamar hannun mai wanki, cire ta, wannan ciwon sai gozi ko filasta mai soso. In kuma kin ga ja yana yaɗuwa, wurin ya ɗau zafi, ko zazzaɓi, asibiti kawai. Gyambo, ƙafar mai ciwon suga, cizon kare, ƙuna mai zurfi, duk ba a toshe su da ita a gida.

Wajen mannawa, a wanke da ruwan salain, wato ruwan gishirin asibiti, a bar fatar gefe ta bushe sarai, ba man shafawa ba basilin, in ba haka ba ba za ta kama ba. A bar kamar santimita 3 a kan lafiyayyar fata ta kowane gefe, ƴar santimita 6 da 7 ta yi wa gwiwa kaɗan, ki nemi mai 10 da 12. Kar a ja ta lokacin mannawa, jan ne ke kawo bororo. Tana iya kai kwana 7, ko da yake a gwiwar yaro mai ƙiriniya in kin samu 3 ki gode Allah. Mu nan sanyi na taimakonmu, lokacin da na zauna wajen yayata a Kubwa cikin watan Maris gumi kaɗai ke ɗaga ta.

Cirewa kuma ni kaina na sha darasi a kan Hajiyarmu, na fizge ta sama kamar filasta, wallahi sai da ta biyo da fatar tsohuwa, har yau abin na damuna. Ɗaga gefe ake yi, ki dafe fatar da yatsa, ki riƙa miƙe ledar a kwance tana sakin kanta a hankali.

Af, ki duba katin rigakafinsa ma, tunda a ƙasa ya faɗi, ko allurar tetanus ɗinsa ta cika.