Maigidana Yana Ɗauke Numfashi Cikin Barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana direban babbar mota ne, shekarunsa 47, kuma yana da jiki. Ya daɗe yana minshari, amma a watannin nan sai in ji minsharin ya tsaya cak, ƙirjinsa yana motsi amma numfashi ba ya fita, can sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Da safe yana kukan ciwon kai, da rana kuwa daga ya zauna sai gyangyaɗi. Surukata ta ce dannau ne, abokinsa kuma ya ce a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Ina neman shawara. Daga wata mai karatu, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma ba abin sakaci ba ne. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya, sai hanyar iska ta matse ko ta rufe baki ɗaya na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum ya ja numfashi, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. Wannan ne ya bambanta shi da dannau, domin mai dannau idonsa biyu, yana sane da komai, motsi ne kawai ya gagare shi. Maigidanki kuwa zai iya rantsewa cewa lafiya lau ya kwana, saboda haka shaidarki ita ce farkon bincike. Ki ɗauki hoton bidiyo da waya yayin da abin yake faruwa, ku tafi da shi asibiti, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko likitan huhu.

Ana tabbatar da ciwon ne ta gwajin barci, inda na'ura take ƙirga yawan tsayawar numfashi ko raguwarsa a kowace awa. Daga sau 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuma mai tsanani. Lallai a auna masa hawan jini da sukari, domin wannan farkawa da ake yi kowane dare tana wahalar da zuciya, kuma tana ƙara haɗarin hawan jini mai taurin kai da shanyewar ɓarin jiki.

Magani mafi inganci ga mai matsakaici ko mai tsanani shi ne na'urar CPAP, wadda Likita Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya gabatar a 1981. Tana hura iska a hankali ta abin rufe hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Na san tana da tsada kuma tana buƙatar wuta tsawon dare, amma ana haɗa ta da batir ko sola. Kafin nan, rage ƙiba yana taimakawa matuƙa, haka nan kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin taba, da guje wa ƙwayoyin sa barci, waɗanda suke ƙara sakin naman maƙogwaro.

Batun wanzami kuwa, ina roƙonki kada ku yarda. Yanke beli ba ya buɗe wurin da ya toshe a bayan harshe, kuma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Idan ma aiki ya kama, likita ne zai yanke shawara bayan ya duba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sana'arsa. Mutumin da barci yake sacewa a zaune, zai iya sace shi a kan sitiyari, kuma goro ko shayi mai kauri ba sa biyan bashin barcin da aka rasa. Ki zaunar da shi cikin girmamawa, ki nuna masa bidiyon, ki roƙe shi ya dakatar da doguwar tafiya da tuƙin dare har sai likita ya gan shi. Allah Ya ba shi lafiya.