Hukuncin zuwa wurin masu gyaran ƙashin baya da hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Tudun Wadar Zariya, shekara uku ke nan ciwon baya na damuna. Aka haɗa ni da wani da ya karanto kayirofaraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, a waje. Yakan kwantar da ni rub da ciki, ya danna baya har ka ji ƙas, kuma ina jin dama. Sai abokina ya ce wanda ya ƙago abin da ruhin matattu yake hulɗa, don haka shirka ne. Shi kuwa mai gyaran ya ce in ajiye maganin hawan jinina, wai jiki da kansa zai warke. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya. Halaccin neman magani ba abin tsayawa ba ne.

Abokinka bai yi ƙarya a kan tarihi ba. Wani mai suna D.D. Palmer ne ya fara wannan sana'a a 1895 a garin Davenport na Amurka, kuma da kansa ya ce asalinta ya karɓo shi daga ruhin wani likita da ya mutu. Ya koyar da cewa akwai wata basira ta halitta da ke bin jijiyoyi, in ƙashin baya ya goce sai ya tare mata hanya, wai kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga nan suke. Maganar ruhi ɓata ce, maganar kashi 95 kuwa ilimin likitanci bai tabbatar da ita ba.

Sai dai hukuncin da abokinka ya ɗora a kai ban yarda da shi ba. Ita Shari'a abin da ake yi maka take dubawa. Shin mutumin nan ya kira wanin Allah a kanka? Ya sa ka yanka? Hannu ya sa ya danna ƙashi, kamar yadda mai ɗori ke yi a unguwarku. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce a kawo masa ruƙiyyar da ake yi a Jahiliyya, ya halatta wadda babu shirka a cikinta. To in magana da ake tofawa ta tsira da wannan sharaɗi, ina ga danna ƙashi? Annabi (SAW) ya kuma yi niyyar hana saduwa da mai shayarwa, da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya fasa. Likitocin Musulmi irin su Ibn Sina daga Jalinus, likitan Girka na dā, suka ɗebi ilimi, shi kuwa ba mai tauhidi ba ne. Ko a cikin masu wannan sana'a, da yawa sun watsar da falsafar Palmer, sun tsaya kan ciwon baya da gaɓoɓi. Kalmar shirka tana da nauyi, abokinka ya riƙa auna ta kafin ya jefa.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Wanda ya ce ka ajiye maganin hawan jini, tsohuwar aƙidar nan ce ke magana a bakinsa, kuma ya shiga fagen da ba nasa ba. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Bin sa a wannan haramun ne gare ka, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In har ka riga ka daina sha, gobe da safe ka koma wurin likitanka. Ni da kai ne, da na canza mai gyaran ma.

Kada ka yarda a murɗe maka wuya da ƙarfi, an samu waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage, ko da ba su da yawa. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ka kwana, ka nufi asibitin koyarwa na Shika. Can ma akwai sashen gashin ƙashi.

Sannan ka dubi kujerar da kake wuni a kanta gaban keke, musamman in Sallah ta ƙarato ana kwana ɗinki. Ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa. Ranar da ruku'u ya gagara, ka yi sallarka a zaune.

Wallahu a'alam.