Zakkar mai shago: kayan kan kanta ma suna cikin lissafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna. Kuɗi ba sa kwana a hannuna, da sun shigo sai in saro kaya. Maƙwabcina ya ce tunda ba kuɗin da suka shekara a wurina, babu zakka a kaina. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maƙwabcin naka ya so maka sauƙi, amma ba haka zancen yake ba.

Malaman Malikiyya sun kasa 'yan kasuwa gida biyu. Akwai muhtakiri, irin mai sayen masara a Saminaka da kaka ya kulle a sito yana jiran ta yi tsada. Shi sai ranar da ya sayar zai fitar, kuma ta shekara ɗaya kawai, ko da kayan sun daɗe a ajiye. Kai kuwa mudiri ne, mai juya jari kullum, a saro a sayar. Idan shekarar jarinka ta zagayo a lissafin watannin Musulunci, sai ka yi wa duk turamen da ke shagon kuɗi da farashinsu na ranar, ba yadda ka saro su ba. Ka haɗa da na aljihu da na banki da bashin da kake sa ran za a biya ka, ka cire wanda ake bin ka. In abin ya kai nisabi, wato misƙali 20 na zinariya, kimanin giram 85, ka fitar da ɗaya cikin 40. Kanta da fanka da janareta ba sa ciki, tunda ba na sayarwa ba ne.

Da yawa daga 'yan kasuwarmu sai azumi suke wannan lissafi don neman lada, ga shi kuma lokacin ne shago ke cike da kayan sallah, ciniki ba ya barin mutum ya zauna. Ni dai shawarata, ka riƙe watan da jarinka ya fara kai nisabi, ko Rajab ne ko Safar, kada ka jinkirta haƙƙin talaka don jiran Ramadan. Hakan na bukatar littafin shiga da fita, wanda shaguna da dama ba su da shi sai ƙwaƙwalwar yaron shago.

Kuma Alhaji, atamfar da ta koɗe ta ƙi sayuwa ba ita ake tattarawa a miƙa da sunan zakka ba. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana nufar mummuna wajen ciyarwa. Ka bayar da kuɗi kawai.