Amsa ga mai Corolla: kar ka yanke tiyon numfashin inji tukuna

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanku da yamma, ya zafin Tawa? Wagga murya amsa ce ga ƙanenmu mai Corolla da ya turo hoto jiya da dare. Ga wanda bai gani ba, ya buɗe gidan filtar iska ya tarar baƙin mai ya jiƙe babban tiyo. Wani ya ba shi shawara ya cire tiyon renifilar, wato tiyon numfashin inji, ya toshe ramin da ya bari da bulo, ya saki tiyon ya kalli ƙasa, ko ya cusa bakinshi cikin gorar ruwa. Shina tambaya ko ya yi aikin da kanshi a gida.

Ƙanena, dakata tukuna. Aikin ba shi da wuya, da turnabis da pensi ka gama shi. Amma ka fara sanin mi ya kai man nan wurin, don in ka yanke tiyo ba ka sani ba, abin da ya turo shi shina nan bai tafi ko'ina ba.

Ka ga duk lokacin da esansi ya kama wuta bisa kan pisto, ba duka hayaƙin ke fita ta salansa ba. Kaɗan na sulalewa ta gefen segima, wato zobban pisto, ya sauka cikin karter, inda man inji ke kwance. Ko inji sabo dal shina yin haka. Hayaƙin nan na ɗauke da esansin da bai ƙone ba, da kuma tururin ruwa. Mutane na mamaki in na ce ruwa, amma lita guda ta esansi in ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda. Mafi yawa na bin salansa, saura na gangarawa ƙasa. In ya zauna can, shi ke tsinka mai, shi ke mai da shi baƙin taɓo mai toshe hanyoyin mai. In kuma ya rasa hanyar fita, to tukunya ce bisa wuta anka danne marfinta, dole tururi ya nemi inda zai ɓullo. A inji wurin ɓullowar nan juwan ne, wato robobin da ke hana mai zuba: na marfin bisa, na gaban bilbirika, babban ƙarfen da pisto ke juyawa, na baya kusa da ambiriyaji. Na bayan nan shi ne ke sa mutum kuka, don sai an sauke buwat, wato akwatin bitesi, kafin a kai gare shi.

Motocin da can, abin da anka ba ka shawara shi suke da shi: bututu ne kawai ya leƙa ƙasa, iskar gudu ke zuƙe hayaƙin. In mota na tsaye ko tana tafiya sannu cikin gari, ba shi zuƙar komi. A 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara neman sabbin motoci su riƙa mai da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa, daga baya sauran duniya ta bi. Don tsaftar iska anka faro shi, amma sai ga shi man inji ma ya fi daɗewa da kyau.

Buɗe kapo ka duba marfin bisa na injinka, tiyo biyu za ka gani. Guda na zuwa daga babban tiyon iska, bayan filta, shi ke shigo da iska mai tsabta. Gudan kuma na fita ta wata 'yar bawul, wadda ake rubuta ma PCV, ya tafi kolektar, inda inji ke zuƙa. Ta nan ke shiga, ta can ke fita, karter na samun shara kullum. 'Yar bawul ɗin nan, wallahi ƙanƙanuwa ce amma aikinta da yawa. Cikinta akwai ɗan ƙarfe da resor. A ralanti, wato inji na aiki ba ka taka wuta ba, zuƙa na da ƙarfi, sai ta matse ta bar 'yar kafa. In ka taka wuta hayaƙi ya ƙaru, sai ta buɗe. In ta toshe, hayaƙi na juyawa baya ya bi tiyon farko, ya kwashi mai ya kai gidan filta. Ka gane? Abin da ke cikin hotonka kenan, ni ita nake fara zargi.

To ga abin da za ka yi a gida, ba ka kashe ko dala ba. Fara jawo joj, ƙarfen auna mai, ka ga ko mai bugun bidanji ya cika mai ya wuce layi, wannan kaɗai na kawo haka. Duba filtar iska. Mu nan da ƙurar hunturu, mai bin hanyar Keita ko Abalak ya san yadda filta ke komawa, kuma in ta toshe inji na zuƙa ta duk inda ya samu, har ta tiyon renifilar. Sannan cire bawul ɗin. Wata ana kwance ta da kile, wata cusa ta anka yi cikin roba. In irin ta robar ce, yi a hankali, zafi na busar da ita ta farfashe ta faɗa ciki. Girgiza bawul kusa da kunne, ya kamata ka ji ƙas-ƙas. In shiru, ta liƙe. Mai da ita bakin tiyonta, ka tada inji, ka sa yatsa a ɗaya bakin, ya kamata ta kama yatsanka. Wankewa da esansi na tada wata, amma abu ne mai araha, canzawa ya fi. Ka tafi da tsohuwar hannu wurin mai piyes, kowane inji da girman kafar tashi, kar a ba ka wadda ta yi kama kawai.

Gwaji na ƙarshe shi ne mai faɗin gaskiya. Inji ya yi zafi, shina ralanti, buɗe bushon mai ka ɗora takarda bisa ramin. In ta ɗan lafe ko tana rawa kaɗan, alhamdu lillahi. In kuwa shina tunkuɗo ta da hayaƙi buf-buf, ko bayan ka sa sabuwar bawul, to segima sun gaji. Nan ba dabarar tiyo da za ta yi magani, a auna kompireso a san inda ake.

Sakin tiyo ƙasa kuwa, a Tawa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ka kashe zuƙa, ruwa da esansi sun zauna cikin mai. Ka buɗe ma rairayi ƙofa har cikin karter, ba filta tsakani, kuma ƙasa in ta haɗu da mai ci take ta ci kusine, ƙarafan da bilbirika ke juyawa bisansu. Ga warin da zai riƙa shigowa wurin iyalinka in kun tsaya. Wasu kuma na sa 'yar filta mai kyan gani bisa marfi su bar bawul a haɗe. In motarka mai debitmetir ce, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, iskar da ta shiga ta nan kwamfutar mota ba ta ƙirga ta ba, sai esansi ya yi kaɗan, ralanti ya lalace, fitilar inji ta kama, a sa na'ura a ga lambar P0171 mai nuna ƙarancin esansi, ka shiga canza buji a banza.

In dai kana son gyara na gaske, shi ne gwangwanin tarar mai. Ana sa shi tsakanin bawul da kolektar, hayaƙi ya ratsa ta ciki, mai ya zauna, saura ya wuce inda ya saba zuwa. Ba ka toshe komi ba, ba ka buɗe komi ga iska ba. Maƙerin alminiyam na iya haɗa maka, amma da sharuɗɗa. Ya rufu ruf, ko kafar allura kar a samu. Bututun shiga ya sauka can ciki, na fita ya tsaya sama, tsakaninsu a sa soson ƙarfe na wankin tukunya irin mai kauri da ba shi tsatsa. Mai laushin nan na zubar da gari, inji ya haɗiye. Tiyo ya zama na mai, faɗinshi daidai da na asali, da koliye kowane baki. Tiyon ban ruwa da gorar roba suna laushi da zafi, zuƙa ta lanƙwasa su, ka koma toshewar da ka guda. Ɗaure shi tsaye, nesa da salansa. Ka riƙa zubar da abin da ya taru, don in ya cika gaba ɗaya inji zai shanye shi. Kar ka mai da shi cikin inji, ruwa ne da esansi da datti.

Amma fa ƙanena, a tsohuwar Corolla ribar gwangwanin kaɗan ce. Injektar na fesa esansi bayan supap, ƙofofin shigar iska cikin silinda, shi ke wanke su kullum. Inda yake da amfani sosai shi ne injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, da masu gazuwal mai turbo da EGR, bawul mai mai da hayaƙin salansa cikin inji, inda tururin mai ke haɗuwa da baƙin hayaƙi su zama kwalta cikin kolektar.

Masu Hilux da Land Cruiser na gurup, ku saurara nan, naku daban ne. Gazuwal na tura hayaƙi fiye da esansi, tiyonku babba ne, gaban turbo yake komawa. Ƙaramin gwangwani na shaƙe shi, mai ya fara fita ta juwan da turbo. Ku nemi wanda anka yi don gazuwal, irin ProVent 200, shina da filta ciki da bawul mai sakin matsi in ya yi yawa. Kuma injin gazuwal na iya cin man kanshi. In mai ya kwarara cikin hanyar iska, sai ya tashi da ihu da farin hayaƙi, ka kashe kile ya ƙi mutuwa. In haka ta faru, taka birki da ƙarfi, sa babbar bitesi ka saki ambiriyaji ya shaƙe, ko a toshe bakin iska da katako. Kar wanda ya kai tafin hannunshi wurin.

Kai dai mai Corolla, yi gwajin takardar nan gobe bayan inji ya yi zafi, ka ɗauki bidiyo kusa da ramin yadda za mu ji sautin, ka haɗa da hoton lambar injin ka turo. Wassalamu alaikum.